Nikolai Vavilov: Masanin da ya tara wa duniya iri, yunwa ta kashe shi a kurkuku

A ranar 26 ga Janairun 1943 wani fursuna ɗan shekara 55 ya cika a gidan yarin birnin Saratov, a bakin kogin Volga na ƙasar Rasha. Yunwa ce ta ƙarasa shi. Aka haɗa gawarsa da ta sauran fursunoni aka binne a rami guda, babu suna, babu alama. A daidai wannan lokaci, can birnin Leningrad da sojojin Jamus suka yi wa zobe, akwai wani gini cike da ƙananan gwangwanaye na alkama da shinkafa da masara da wake da gyaɗa. Taskar iri ce da ta haura samfuri 200,000, wadda fursunan nan da almajiransa suka shafe shekara ashirin suna tattarowa daga nahiyoyi biyar. Sunansa Nikolai Ivanovich Vavilov.

Vavilov bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, kuma hatsi ya fi cin lokacinsa fiye da itatuwa. Duk da haka, ma'aikacin da fayil ɗin dashen itatuwa ke bi ta teburinsa a Abuja, da hadimin da ke rubuta wa mai gida jawabin ƙaddamar da dashe, suna da rabo a labarinsa. Shi ne ya koya wa duniya ta riƙa tambayar inda iri ya fito da yawan iyayen da suka haife shi. Abin da ya kai shi kurkuku kuwa rikicin ofis ne, tsakanin mai ba da shawarar da ke faɗin abin da zai yiwu da wanda ke faɗin abin da shugaba yake son ji.

Ɗan attajiri a makarantar noma

An haife shi a Mosko ranar 25 ga Nuwamban 1887. Mahaifinsa, Ivan, ɗan ƙauye ne da ya shigo birni tun yana yaro, ya kama aiki a wani babban kamfanin masaƙa, ya yi ta hawa har ya zama attajiri. Ya so 'ya'yansa maza su gaje shi, ya sa su makarantar kasuwanci, amma babu wanda ya waiwayi kanti. Ƙanen, Sergei, ya bi kimiyyar haske, Nikolai kuma ya shiga Kwalejin Noma ta Mosko a 1906. Rashar da ya tashi a cikinta ƙasa ce mai sayar wa Turai alkama alhali talakanta na kwana da yunwa. Yana ɗan shekara huɗu aka yi yunwar 1891 da 1892, wadda ta ci ɗaruruwan dubban rayuka.

Tambayar da ta fara kama zuciyarsa mai sauƙin faɗi ce: me ya sa cutar tsatsa kan shiga gonar alkama ta cinye wani iri, ta bar wani a tsaye kusa da shi? Neman amsarta ya kai shi Ingila a 1913, wurin William Bateson, mutumin da ya raɗa wa kimiyyar gado sunan da Turawa ke kiranta da shi har yau. Daga nan ya tsallaka Faransa, ya zauna ɗan lokaci a gidan Vilmorin, zuriyar masu sayar da iri da suka gaji sana'ar kaka da kakanni.

Gidan Vilmorin ya cancanci a ɗan dakata a kansa, domin a nan ne labarin hatsi ya haɗu da na itatuwa. A ƙasashen sanyi akwai dangin itatuwan da ganyensu ke kama da allura, ba ya kaɗewa rani da damina, kuma da katakonsu ake gini ana yin takarda. Turawa na kiran mafi shahararsu fayin. A farkon shekarun 1820, Philippe André de Vilmorin ya samo irin nau'in fayin guda ɗaya daga wurare daban-daban, daga Riga a gaɓar tekun Baltik, daga Haguenau a gabashin Faransa, daga Sikotilan da wasu wuraren, ya shuka su gefe da gefe a gonarsa ta Les Barres. Ƙasa ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha. Da shekaru suka tura, na Riga suka tashi sambal kamar gora, wasu kuwa suka fito a karkace da manyan rassa, ba su da wani amfani ga mai katako. Ya ɗebi 'ya'yansu ya sake shukawa, sai hali ya bi jini. Gwajin ya cinye sauran rayuwarsa, ya rasu a 1862 itatuwan suna nan suna girma.

A nan wahalar itace take. Manomin da ya yi kuskuren irin gero zai gane kafin kaka, ya gyara baɗi. Wanda ya yi kuskuren irin itace ba zai sani ba sai bayan shekara ashirin ko talatin, lokacin da jami'in da ya sa hannu a takardar sayen irin ya daɗe da yin ritaya, kuma babu mai iya tono fayil ɗin.

Tafiye-tafiyen neman iri

Yaƙin Duniya na Farko ya dawo da Vavilov gida. A 1916 aka tura shi arewacin Iran, inda sojojin Rasha ke cin burodi suna jiri suna tangaɗi kamar mashaya. Ya gano cewa 'ya'yan wata ciyawa mai guba ne ke gauraye da alkamar da ake niƙa musu. Da ya gama aikin da aka aike shi bai juyo ba, ya zarce duwatsun Pamir yana tsintar zangarkun alkama da sha'ir a gonakin da ke rataye a jikin tsaunuka.

A 1917 ya zama farfesa a Saratov, birnin da zai mutu a cikinsa. A can ne, a 1920, ya gabatar wa taron masu inganta iri ƙa'idar da ta fito da sunansa: tsirran da suke 'yan uwa, bambancin da ke cikinsu ma yakan yi kama. In an sami alkama mai gashi da marar gashi, mai saurin nuna da mai jinkiri, to akwai makamantansu a sha'ir, ko da babu wanda ya gan su tukuna. Ke nan mai neman iri ba sai ya yi ta lalube cikin duhu ba, yana iya sanin abin da yake nema kafin ya ɗaure kayansa.

A 1921 aka ba shi shugabancin ofishin binciken tsirrai na Petrograd, birnin da daga baya aka koma kira Leningrad. A shekarar ce yunwa ta auka wa yankin Volga, ta kashe mutane kimanin miliyan biyar. Daga wannan ƙaramin ofis ya gina cibiya mai tashoshin gwaji tun daga yankin ƙanƙara na arewa har hamadar Asiya ta Tsakiya, shi kuma bai zauna ba. Ya je Afganistan a 1924, ƙasashen Bahar Rum a 1926, Sin da Japan da Koriya a 1929, Meziko a 1930, Kudancin Amurka a 1932 da 1933, jimilla ƙasashe fiye da hamsin. Waɗanda suka yi tafiya da shi sun shaida cewa barcinsa bai cika wuce awa huɗu ko biyar ba, kuma ko a bayan alfadari yake ba ya rabuwa da kwat da malafa.

A farkon 1927 ya shiga Habasha. Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, ya ba shi takardar izini, ya haɗa ayarin alfadarai ya keta tsaunuka har Eritiriya. A gona guda yakan tarar da alkama da sha'ir iri-iri a cakuɗe, abin da bai saba gani a Turai ba. Irin wannan gani ne ya ƙarfafa ra'ayinsa mafi shahara, cewa kowane amfanin gona yana da mahaifa, wurin da ɗan Adam ya fara raba shi da ciyawar daji, kuma a can ne ire-irensa suka fi yawa. Wanda ke neman iri mai jure cuta ko fari, can ya kamata ya nufa.

Taswirar tasa tana da giɓi, kuma a kanmu giɓin ya faɗa. A cikin cibiyoyin da ya lissafa, Habasha ce kaɗai a Afirka kudu da Sahara. Afirka ta Yamma ba ta ciki, don bai zo ba. Sai bayansa masana irin su Bafaranshe Roland Portères da Ba'amurke Jack Harlan suka nuna cewa wannan shimfiɗar da ta taso daga Senegal zuwa Tafkin Chadi ita ma mahaifa ce, ta gero da shinkafar Afirka da acca da gurjiya da wake. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an tono shaidar noman gero da ta kai shekara kimanin 4,500. Sai dai da kayan aikin da shi ya ƙera suka gyara taswirar.

Da ya zo ƙasar Katagum, da ya ga irin abin da ya gani a Habasha. Manomin Shira ko Disina ba ya zuba dukan ƙarfinsa a iri ɗaya. Yana da gero mai saurin nuna don ya fid da gida daga yunwar tsakiyar damina, yana da maiwa mai jinkiri, da dawa farafara da kaura, ga wake a tsakanin kunya. Da kaka yakan zaɓi zangarkun da suka fi kyau ya ɗaure daban don baɗi. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri wani ya tsira, shekarar da ya yi yawa wani ya tsira. Vavilov na cikin na farko da suka fahimci cewa irin wannan taska tana iya ɓacewa cikin tsara guda in ingantaccen iri ɗaya ya mamaye gonaki, shi ya sa yake gaggawar tarawa. Arewa ta ɗanɗani amfanin taskar a 1975, lokacin da cutar da ke dunƙule ganyen gyaɗa ta lalata kimanin hekta 700,000. Irin da ke jure mata, an samo tushensa ne daga tsoffin ire-iren gyaɗar manoma na iyakar Burkina Faso da Kodebuwa.

Abin da masu itatuwa suka koya

Masu gandun daji sun ɗauki wannan darasi ta tasu hanyar. Tun daga shekarun 1930, ɗan Denmak Carl Syrach-Larsen da takwarorinsa na Suwidin suka fara zaɓen itatuwan da suka fi miƙewa da saurin girma a daji, su yanko rassansu su yi musu aure da wasu tushe, su jera su a lambu guda domin su yi barbara a tsakaninsu, daga nan a ɗebi iri. Riba ta fito, amma da tarko a cikinta. In an taƙaita zaɓe ga 'yan iyaye kaɗan da suka fi kowa, girma yakan ƙaru a zagayen farko, amma jinin 'ya'yan ya matso kusa. Fayin kuwa ba ya son auren zumunta. In ƙurar barbararsa ta koma kansa, yawancin 'ya'yan kan fito fanko, waɗanda suka tsira kuma su taso a raunane. Dajin da ya fito daga iyaye kaɗan, ƙwaro ɗaya ko fari ɗaya na iya kwantar da shi gaba ɗaya. Shi ya sa shirin Suwidin yake riƙe da rukunai fiye da ashirin na kowane babban nau'i, kowane rukuni da iyaye wajen hamsin, ko da yake hakan yana rage saurin riba.

Najeriya ma ta gwada fayin. Bayan kafa tashar binciken gandun daji ta Samaru a Zariya a 1964, an gwada fayin na Amurka ta Tsakiya a Afaka kusa da Kaduna da Miango a tudun Jos, aka kuma ga abin da Vilmorin ya gani: nau'i ɗaya ne, amma girma ya danganta da yankin da aka ɗebo irin. A ƙasar Katagum ruwan sama bai isa fayin ba. Baƙon da ya zama ɗan gari a nan shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina. Asalinsa yankin Indiya ne, ya shigo Borno a 1928 ta hanyar Gana, ya bazu har da wuya ka ga kasuwa ko makaranta a Azare ko Yana da ba ta da inuwarsa. Amma miliyoyin nan sun fito ne daga 'yan itatuwan da aka shigo da su tun farko. Da aka wayi gari a wajajen 1990 dogon yaro na ta zubar da ganye yana bushewa a Nijar da arewacin Najeriya, masu bincike sun fi ɗora laifin a kan fari da taurin ƙasa, amma abin da ya tayar musu da hankali shi ne yadda itatuwan yankin suke kusan jini ɗaya. Wannan na cikin abin da ya sa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranci tattaro sabon iri daga ƙasashen asalinsa don gwaji. Aikin Vavilov ke nan, shekara hamsin bayan mutuwarsa.

Wa'adin shekara huɗu

Mu koma Rasha. Zuwa 1929 Vavilov ya kai ƙololuwa, yana riƙe da lambar Lenin tun 1926, ga shi shugaban Majalisar Masana Noma ta Tarayyar Sobiyet. A shekarar ce Stalin ya fara tilasta wa manoma haɗe gonakinsu a hannun gwamnati. Noma ya rushe, yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan da kudancin Rasha. Gwamnatin da ba za ta amsa laifinta ba tana bukatar mai siddabaru, tana kuma bukatar wanda za a ɗora wa jakar tsaba.

A watan Agustan 1931 aka fitar da umarni cewa a samar da sababbin ire-iren amfanin gona cikin shekara huɗu zuwa biyar, aikin da a ƙa'ida yake cin goma zuwa sha biyu. Ba taurin kan masana ne ya sa yake cin haka ba. Sai an haɗa iri biyu, a jira tsara bayan tsara har hali ya zauna, a gwada a wurare daban-daban cikin damina mai kyau da marar kyau. Takardar umarni ba ta ƙara wa shekara damina.

Sai ga Trofim Lysenko, ɗan manomi daga Yukren, ƙaramin malamin gona da jaridar Pravda ta fara haskawa a 1927. Dabararsa ta farko ita ce a jiƙa irin alkama a sanyaya shi kafin shuka don ya yi saurin fid da kai. Abin ba sabo ba ne, kuma yana da ɗan amfani a wasu yanayi. Amma Lysenko ya ɗora masa gini. Ya ce babu wasu ƙwayoyin gado, tsiro yana karɓar horo kamar yaro, kuma abin da aka horar da shi a kai 'ya'yansa za su gada. In haka ne, taskar iri ta zama ɓarnar kuɗi, tafiya Habasha ta zama yawon shan iska, jiran shekara goma kuma ya zama lalaci. Ya yi alkawarin sabon iri cikin ƙasa da shekara uku. Hujjarsa takardun tambaya ce da ake aika wa shugabannin gonakin gwamnati su cike, a zamanin da rubuta cewa abu bai yi ba yana iya kai mutum Saiberiya. Alƙaluma suka yi ta zuwa masu daɗi.

Gaskiya ita ce Vavilov da hannunsa ya taimaka wajen ɗaga shi. Ya yabi aikinsa a gida da waje, ya goyi bayan a ba shi kujera a cikin masana, yana ganin saurayi ne mai himma da ilimi zai gyara. Ya ɗauka a filin gwaji ake raba gardamar kimiyya. Kyakkyawan zato ne, amma ga mutumin da ke riƙe da amanar dubban ma'aikata ya yi tsada, domin ya yi shekaru yana lallashi a lokacin da abokin hamayyarsa ke tara iyayen gida. A 1935, a wani taron manoma a Mosko, Lysenko ya kwatanta masu sukarsa da 'yan zagon ƙasa, Stalin da kansa ya jinjina masa a bainar jama'a. Daga ranar, duk mai hankali ya san inda gardamar za ta ƙare.

A shekarar aka sauke Vavilov daga shugabancin majalisar. Mutum biyun da suka hau kujerar bayansa an kama su an harbe, sannan a 1938 Lysenko ya zauna a kanta. Tun 1933 ba a sake barin Vavilov ya fita ƙasar ba. Taron masana gado na duniya da aka shirya yi a Mosko a 1937 aka soke shi, da aka yi shi a Edinbura a 1939 shi aka zaɓa shugaba, kujerarsa ta zauna babu kowa. A wannan shekara ce ya daina lallashi, ya shaida wa ma'aikatansa a fili cewa ko wuta za a jefa su ba za su bar abin da suka tabbatar ba.

Ranar 6 ga Agustan 1940 yana tsintar iri a tsaunukan yammacin Yukren, kusa da Chernivtsi, sai wata baƙar mota ta zo da mutanen da suka ce ana nemansa a Mosko da gaggawa. Jakarsa kawai ta koma hannun abokan tafiyarsa, da samfurin alkamar da ya tsinta a ranar. Jami'in tsaro Aleksandr Khvat ya yi wata goma sha ɗaya yana tuhumarsa, zama kusan 400, awa wajen 1,700, yawanci da dare, a tsaye har ƙafafunsa suka kumbura. Ya sa hannu a kan zargin yi wa noma zagon ƙasa, ya ƙi amsa na leƙen asiri. Ranar 9 ga Yulin 1941, a shari'ar da ba ta wuce 'yan mintoci ba, aka yanke masa hukuncin kisa. An kama manyan abokan aikinsa, aka harbe Georgii Karpechenko a cikin watan.

Da Jamusawa suka doso Mosko a Oktoba aka kwashe fursunoni zuwa Saratov. Tsohon malaminsa Dmitri Pryanishnikov, dattijon da ya haura saba'in, ya yi ta kai kuka har gaban Beria, shugaban 'yan sandan ciki, abin da ba kowa ke da zuciyar yi ba. A 1942 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara ashirin. A shekarar ce kuma babbar ƙungiyar masana ta Ingila ta zaɓe shi mamba, ba ta san inda yake ba. A ɗakin da aka kulle shi yakan yi wa abokan zamansa lacca don su riƙe hankalinsu. Littafin da ya rubuta a tsare kan tarihin noman duniya, jami'ai suka hallaka shi a matsayin takarda marar amfani. Matarsa Elena Barulina da ɗansu Yuri, gudun yaƙi ya kai su Saratov ɗin, suna zaune ba nisa da gidan yarin, ba su sani ba.

Ƙawanyar Leningrad ta fara a Satumban 1941, ba ta kau ba sai Janairun 1944, kwana 872. Ɗaruruwan dubban mutane suka mutu, mafi yawa da yunwa. Ma'aikatan da suka rage a cibiyar, waɗanda shugabansu ke kurkuku da sunan maƙiyin ƙasa, suka toshe tagogi, suka yi ta yaƙi da ɓeraye, suka riƙa ƙona duk abin da suka samu don kada dankalin iri ya daskare. Suka kafa wa kansu doka cewa babu mai shiga ɗakin iri shi kaɗai. Aleksandr Shchukin, masanin gyaɗa, a kan teburinsa aka tarar da gawarsa. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, yunwa ta kashe shi a tsakiyar dubban ƙunshin shinkafa. Aƙalla tara ne suka mutu haka, ba tare da sun taɓa abin da aka ba su ajiya ba.

Itatuwan 1948

Nasarar Lysenko ta cika a Agustan 1948, lokacin da aka haramta kimiyyar gado a ƙasar, dubban masana suka rasa aiki. Wata biyu bayan haka, da raɗaɗin farin 1946 bai gama sanyi ba, Stalin ya ƙaddamar da gagarumin shirin itatuwa: manyan shingaye takwas masu tsawon fiye da kilomita 5,000 a haɗe, da dashen kare gonaki hekta miliyan 5.7 cikin shekara goma sha biyar, don tare busasshiyar iskar da ke tasowa daga Asiya ta Tsakiya. Tunanin shinge ba shirme ba ne, masanan Rasha sun gwada shi tun ƙarni na 19. Amma Lysenko ya kawo tasa hanyar, a zuba 'ya'yan wani babban itacen ƙasar sanyi da ake kira ok a cunkushe cikin gurbi-gurbi, a shuka hatsi a kewaye, domin a cewarsa itatuwan jinsi ɗaya ba sa gasa da juna, raunana za su sadaukar da kansu don masu ƙarfi. Hanyar ta fi araha, ba ta bukatar reno, don haka ofis ya so ta. Masana irin su Vladimir Sukachev suka yi gargaɗi, rahotanni kuwa suka yi ta nuna an zarce abin da aka tsara. Cikin 'yan shekaru fiye da rabin abin da aka shuka ta wannan hanya ya mutu, kuma da Stalin ya rasu a watan Maris na 1953 aka naɗe shirin.

Mu ma muna da tamu Babbar Koriyar Ganuwa, da hukumar da doka ta kafa mata a 2015, da jihohi goma sha ɗaya na bakin hamada, Bauchi na cikinsu. A nan ba a ɗaure masani don ya faɗi ra'ayinsa. Amma a kowane shirin dashe a duniya, abin da ya fi sauƙin shiga rahoto shi ne yawan dashen da aka raba, sai hoton babban baƙo riƙe da shebur. Asalin iri ba ya fitowa a hoto. Ga mai kawo iri kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce a tura yara su share ƙarƙashin itace ɗaya ko biyu na bakin hanya, buhu ya cika kafin azahar, dubban dashe su fito daga uwa guda. Ƙa'idar da masana suka daɗe da shimfiɗawa ita ce a ɗebi iri daga iyayen da ba su gaza talatin ba, masu tazarar wajen mita ɗari a tsakaninsu, daga yanki mai ruwa da ƙasa irin na inda za a dasa, a kuma rubuta sunan wurin a jikin buhu. Layi biyu ne a takardar kwangila. Masu iya tantancewa suna nan, akwai tashar binciken shingen itatuwa a Kano, akwai cibiyar adana iri ta ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1987. Manyan gawo da kuka da tsamiya da aduwa da ke tsaye a gonakin Shira kuwa, waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suka tsira, iyaye ne da suka fi kowane baƙo sanin wurin.

Ƙanen Vavilov, Sergei, ya sha nasa ɗacin ta wata hanya. A 1945, shekara biyu bayan mutuwar wansa, aka ba shi shugabancin Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasa da amincewar Stalin. Ya karɓa, kuma yana kan kujerar aka yi hukuncin 1948. Zuciyarsa ta buga ranar 25 ga Janairun 1951, saura kwana ɗaya a cika shekara takwas da rasuwar Nikolai. Kotu ta soke hukuncin da aka yi wa Vavilov a 1955, aka sauke Lysenko a 1965, a 1967 kuma aka sa wa cibiyar sunan wanda ya gina ta. Tana nan a birnin da yanzu ake kira St. Petersburg, ana ci gaba da shuka samfuran ana sabunta su. A maƙabartar Saratov an kafa masa dutsen tunawa, amma ba a kan kabarinsa ba, domin ba a gano ramin da aka zuba shi ba.